Ni da Sirdin Sabon Keke

Keken da na gada a wurin Baba ƙirar Raleigh ne, baƙi wuluk, mai birkin ƙarfe da rufin sarƙa. Shekara 20 ina hawansa, har sirdin ya loɓa daidai da ni kamar gurbin kaza. Da na samu babur sai na jingine shi a zaure. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, babur ya koma zaure, tsoho ya fito. Bai yi wata uku ba ƙarfen tsakiyarsa ya tsage a hanyar Saye.

Na shiga Kano na sayo ɗan gwanjo mai giya, ja jawur, yaran unguwa har da rakiya. Ranar farko na sauka a duƙe kamar mai cirar gyaɗa. Tsohon a zaune nake tuƙa shi, ƙirji a buɗe, ina gaisawa da jama'a hagu da dama. Wannan kuwa ruku'u yake sa mutum tun daga ƙofar gida har cikin garin Bici.

Na ce abin ai na awo ne. Na zaro karan dawa daga danga, na auna tsohon daga ƙasa zuwa sirdi, na karya daidai nan, na jingine karan na shiga neman sifana. Kafin in fito akuyar uwargida ta ɗanɗana kansa, ban lura ba. Sifanar ma ba ta yi ba, domin sirdin wata 'yar maɗauri gare shi da ake buɗewa da hannu. Na sauke shi daidai karan, na hau, gwiwoyina suna gaida haɓata.

"Malam, keken Sani ka ara?" in ji uwargida. Sani shekararsa 9.

Washegari na tura kekunan biyu wurin mai gyaran keke a bakin titin Katsina. Ya dubi karan, ya dube ni.

"Malam, ai ba daga ƙasa ake awo ba. Tayar tsohon inci 28 ce, ta sabon 26. Daga tsakiyar feda ake farawa."

Ya sa na hau, na ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, yana ɗaga sirdi har ƙafata ta miƙe. Ya nuna mini wani layi a jikin sandar sirdin, ya ce in ya fito waje, ni da Allah. Sannan ya ɗaure zare daga hancin tsohon sirdin zuwa kan keken, ya yi shiru, ya sake aunawa.

"Wannan ya taɓa karo?"

Na ce da jakin masu taki, tun Baba na da rai.

"To sirdin ya karkata hagu, kan ya karkata dama. Shekara 20 a karkace kake tafiya."

Nan na gane dalilin da ɗinkin tela bai taɓa zauna mini a kafaɗa ba, ni kuma ina ta zagin bawan Allah a zuci.

Duk da haka, ina komawa gida na buɗe maɗaurin na karkata sirdin hagu kaɗan, yadda jikina ya saba. Wai, daɗi! Sai dai ban matse shi ba. Na nufi kasuwar Badume da babbar riga. Ina shiga layin 'yan gwari sirdin ya fara nutsewa a hankali, rigar ta samu sarƙa babu rufi ta shige, na damƙi birki da ƙarfin da na saba damƙar na tsohon. Na tsohon lallashi yake, wannan umarni. Keke ya tsaya cak, ni ban tsaya ba.

A cikin kwandon tumatir na sauka, a zaune, ƙirji a buɗe, daidai zaman da nake nema tun farko.

Mai tumatir bai ɗaga murya ba. "Sannu Alhaji. A ɗaure maka shi a baya ne, ko a nan za ka ƙarasa?"

Sabon keken ba shi da kariya. A ka na ɗauko kwandon, ina tura keke da hannu ɗaya, sirdin yana waige-waige.