Ladubban Riƙon Linzamin Kwamfuta, Nasiha ga Samarin Illela

Duk wanda ya zauna garin Illela, ya kuma lura da yadda samarinta ke sarrafa wayar hannu da babban yatsa guda alhali ɗaya hannun yana ƙirga sefa ko yana riƙe da kan babur a hanyar Konni, ba zai yi shakkar cewa Allah Ya hore wa mutanen wannan gari basira da zafin nama ba; amma da zarar an zaunar da ɗaya daga cikin waɗannan gwanaye gaban kwamfutar tebur, aka miƙa masa linzaminta aka ce bismilla, sai ka ga gumi ya keto masa ko da tsakiyar hunturu ne, kibiyar da ke fuskar kwamfuta ta yi gabas shi kuwa yana cigiyarta yamma. Mas'alar ba ƙarama ba ce, domin tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma ko da yake daga 2017 ta yi wa ɗalibai rangwame, ta ba su haruffa takwas na kibod waɗanda za su iya amsa tambayoyi da su ba tare da sun taɓa linzami ba, wannan rangwame iyakarsa ɗakin jarrabawa, ba ya bin mutum zuwa ofishin da zai nemi aiki ko shagon da zai buga takarda. Saboda haka na ga ya wajaba in rubuta wa ƙannena da 'ya'yana hanya mafi daɗi ta koyon wannan abu, watau hanyar tsofaffin wasannin warware matsala, waɗanda hankali ke cinsu, ba saurin yatsa ba.

Da farko ya kamata ka san asalin abin da za ka riƙe, don an fi girmama baƙon da aka san gidansu. Wani masani ne mai suna Douglas Engelbart ya ƙago shi a jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, abokin aikinsa Bill English ya ƙera na farko a 1964, da katako, da tayoyi biyu a ƙarƙashi, da maɓalli guda a bisa. Aka nuna shi ga taron jama'a a birnin San Francisco ranar 9 ga Disamba 1968, amma bai shiga gidajen mutane sosai ba sai da kamfanin Apple ya fito da Macintosh a 1984. Ka ga ashe Turawan ma ba da iyawarsa aka haife su ba. Hasali ma, sa'ad da Microsoft ya fitar da Windows 3.0 a 1990, sai da ya cusa wasan kartar nan na Solitaire a ciki, da niyyar manyan ma'aikata masu furfura su koyi ɗaukar abu da kibiya su kai shi wani wuri su ajiye, suna wasa ba su san karatu ake ba su ba. In har masu abin da wasa suka koya, ba ni ganin dalilin da zai sa ɗan Illela ya ji kunyar bin wannan sunna tasu, sai dai mu mu bar musu kartarsu mu ɗauki abin da ya fi ta amfani.

To, ga sharuɗɗan zama. Ka wanke hannunka, musamman idan daga wurin mai tsire ko mai ƙosai ka fito, domin maiƙo da ƙurar Illela in suka haɗu a jikin linzami, sulhunsu ba ya warwaruwa. Ka kwantar da tafin hannunka a bayansa cikin natsuwa, manuniya bisa maɓallin hagu, na tsakiya bisa na dama, wuyan hannu yana hutawa a kan tebur. Kada ka shaƙe shi, don ba gudu zai yi ba, kada kuma ka ɗaga shi sama kana nuna wa kwamfuta, don ba rimot ɗin talabijin ba ne. Idan ka kai bakin tebur kibiya ba ta kai inda kake so ba, babu buƙatar ka bi linzami har bisa cinyar maƙwabcinka. Ɗaga shi kaɗan, ka mayar da shi tsakiya, ka ci gaba, kibiya tana nan inda ka bar ta tana jiranka. Dannawa biyu a jere kuwa, wadda ita ce ke buɗe abu, ana yinta ne da sauri da yatsa kaɗai, ba da kafaɗa ba, kuma mafi yawan masu koyo a nan suke faɗuwa, domin tsakanin dannawar fari da ta biyu sai hannu ya zame, kwamfuta ta ɗauka cewa ƙaura kake so ka yi wa fayil, ta bi umarni. Wanda ya gaji tsohon linzami mai ƙwallo a ciki, wajibi ne ya riƙa buɗe shi yana kankare dattin da ke naɗe a ƙananan tayoyinsa. Mai jan haske a ƙasa kuwa ba ya shiri da gilashi, amma bayan kwalin sukari ya wadatar da shi.

Yanzu sai wasannin. A farkon zamani, tun daga Colossal Cave Adventure na Will Crowther a 1976, mai wasa rubuta umarni yake yi da Turanci, kwamfuta kuwa, in kalma guda ta kuskure, sai ta ce ba ta gane ba, har mutum ya yi fushi ya tashi. Aka daɗe a haka, har Ron Gilbert na kamfanin Lucasfilm ya fito da Maniac Mansion a 1987, inda aka jera kalmomin aiki a ƙasan hoto, kai dai ka nuna ka danna. Kafin a kai ga Monkey Island 2 a 1991 an tace su sun koma tara: buɗe, rufe, tura, jawo, ba da, ɗauka, duba, yi magana, yi amfani. Wanda ya haddace waɗannan kalmomi tara da Turanci, ko da Faransanci in karatun tsallaken iyaka ya yi, ya sami mabuɗin shiga, sauran kuma a hanya ake tsintarsu, domin duk abin da ka ɗora wa kibiya sai sunansa ya bayyana a rubuce, ƙofa ce ko igiya ko tukunya.

Sai dai ka sani akwai saɓani tsakanin mazhabobi biyu na masu ƙera waɗannan wasanni, kuma bai halatta ga mai koyo ya shiga bai san wadda ya bi ba. Mazhabar kamfanin Sierra, wadda Roberta Williams ta yi wa jagora da jerin King's Quest tun 1984, mai tsanani ce ƙwarai: a King's Quest V na 1990, Sarki Graham yakan shiga hamada, in bai san inda ruwa yake ba ƙishirwa ta kashe shi nan take, kuma akwai wani tsohon takalmi guda da zai tsinta cikin rairayi, wanda in ya ga kyanwa ta biyo ɓera a bakin gari ya jefe ta da shi, ɓeran zai tsira, sa'an nan can gaba, ranar da miyagu suka ɗaure sarkin a ƙarƙashin wani masauki, wannan ɓera ne zai zo ya cinye igiyar. Wanda ya tsaya kallo bai yi jifa ba, wasa ba zai ce masa uffan ba, zai bar shi ya yi ta tafiya har ya isa inda babu gaba babu baya. Mazhabar Lucasfilm kuwa ta sauƙi ce, domin Gilbert ya yi hukunci cewa zalunci ne a kashe mai wasa don ya gwada abu, ko a rufe masa hanya bai sani ba. Fatawata ita ce mai koyo ya fara da ta sauƙi, sai hannunsa ya nuna sa'an nan ya je ya gaisa da Sarki Graham.

Abin da ya sa na ce wannan fanni na mutanen Illela ne, ba na kowa ba, shi ne cewa rukunansa uku ne, kuma duk ukun kasuwar Lahadi ta riga ta koya muku su: ɗaukar kaya, da iya magana, da sanin yadda ake wuce mai tsaron hanya. Ɗauki The Secret of Monkey Island na 1990, labarin wani saurayi mai suna Guybrush Threepwood wanda ya sauka wani tsibiri yana son a karɓe shi cikin 'yan fashin teku. Tun farkon tafiya zai tsinci kazar roba mai ƙaramar taya a tsakiyar cikinta, abin da ko mahaukaci ba zai saya ba. Ka ɗauka ka jefa a jaka, domin da ita za ka rataya a igiya ka tsallaka zuwa wani tsibiri. Ƙa'ida ke nan: duk abin da ba a kafe da ƙusa ba, ɗauke shi, jakar wasa ba ta cika, ba ta da nauyi, babu kuma wanda zai tare ka ya ce ka sauke a duba. Amma ka lura wannan rukhsa iyakarta cikin wasa. A kasuwa sunanta sata.

A kan wata gada kuma akwai wani dodo mai gadi wanda ba ya barin kowa ya wuce, ba ya kuwa karɓar kuɗi. Ɗan birni zai tsaya yana gardama har rana ta faɗi, amma wanda ya girma a garin da aka rufe wa iyaka a Agustan 2019 ba a buɗe ba sai Disamban 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ya san cewa ƙofa ba ta buɗuwa da hayaniya: sai ka yi sallama, ka tambayi abin da ake buƙata, ka koma ka nemo. Abin da dodon ke so kifi ne, kifin yana bayan ɗakin girkin wata mashaya, wani tsuntsun teku na tsaye kansa. Sai ka taka bakin wani katako mai motsi, ɗaya bakin ya ɗaga ya watsa tsuntsun sama, ka yi wuf ka danna kifin kafin ya sauko. A nan hannu ke koyon kai kibiya daidai wurin da ido ya nufa, cikin lokacin da ya dace, ba tare da malami ya ɗaga murya ba.

Babin da na fi so shi ne na Stan, dillalin tsofaffin jiragen ruwa, mai surutu da wurga hannuwa, wanda zai tsuga maka kuɗi alhali takardar bashin da ke hannunka ta 5,000 ce kacal. Yaran Turai sun sha wahala a wannan wuri. Kai kuwa da ka taɓa tsayawa a kara ka ga yadda ake tayin bijimi, mai shi yana cewa albarka, mai saye yana kushe ƙafa da ƙaho, ya juya kamar zai tafi a kira shi, ai ka san karatun tun ba a buɗe littafi ba. Ka ƙi duk ƙarin ƙawar da zai lissafa maka, ka taya ƙasa, ka yi haramar tafiya, zai biyo ka, har ya sallama. Akwai kuma giyar 'yan fashin, wadda tsabar muguntarta tana narkar da kofin da aka zuba ta, sai kana juyawa daga kofi zuwa kofi kana sauri har ka isa kurkuku ka zuba wa kwaɗo ya narke, fursuna ya fita. Ban taɓa jin an yi wa wannan ruwa amfanin da ya fi wannan dacewa da shi ba.

Idan ka maƙale, kuma lalle za ka maƙale, akwai tertibi. Ka sake magana da kowa, don matambayi ba ya ɓata. Ka zagaya da kibiya kowace kusurwa sannu a hankali. Ka gwada kowane abu na jakarka a kan kowane abu. In duk ya faskara, tashi ka yi alwala ka tafi masallaci, ka ci tuwo ka kwanta, sau da yawa amsa takan zo da asuba. Neman amsa a intanet makaruhi ne, ba ya halatta sai bayan kwana uku na ijtihadi, kuma ka karanta layi guda ka rufe. Ka yawaita adana wasanka, musamman a mazhabar Sierra, domin wuta ba ta sallama in za ta tafi. In kuwa dattijo ya leƙo ya ce, “Kai yaro, mi kaka yi da wanga abu tun hantsi?” kada ka ce wasa kake yi, kada kuma ka yi ƙarya, ka ce, “Baba, hannu nake koyo,” ka matsa masa kujera ka nuna masa dillalin jirage, ka ga yadda zai karɓe cinikin daga hannunka. Kiran salla yana yanke wasa, haka aiken iyaye; kuma tun da cikin labaran akwai fatalwa da tsafe-tsafe irin na tatsuniya, ya kyautu babba ya zauna kusa da ƙaramin yaro.

Samunsu ba wuya. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ScummVM, wadda masu sa kai suka fara a 2001 don tsofaffin wasanni su yi aiki a kan sababbin na'urori, ba ta kuma buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, ta gwanjo ma ta isa, kuma in an sauke ta sau ɗaya babu sauran sayen data. Monkey Island da King's Quest sayensu ake yi, haƙƙin masu su ne. Amma Beneath a Steel Sky na 1994 da Lure of the Temptress na 1992, masu su, kamfanin Revolution na Ingila, sun sake su kyauta tun 2003, haka ma Flight of the Amazon Queen ya zama halal ga kowa. ScummVM tana aiki a waya, amma wanda ya yi a waya ya sha romo ya bar nama, tun da hannu muke so ya koya.

Roƙona ga malaman makarantun sakandare na Illela, da masu shagunan buga takardu da cike fom na bakin tasha, shi ne kowa ya ware kwamfuta guda, ko da wadda ta fi tsufa ce, ya sa mata waɗannan wasanni, ya bar yara su zauna kanta rabin sa'a bayan la'asar, da sharaɗin 'yan mata su sami rabonsu daidai da na maza, don su ma jarrabawar nan tana jiransu. Ku fara tun watanni kafin a buɗe rajista, kada ku bari sai ana saura mako guda a hau motar Sakkwato.