Jinjina ga Mai Unguwar Waifai

A ƙasar Autan Bawo, daga Rano zuwa Rurum, daga Kibiya zuwa Tarai, an samu sabon shugaba da ya kamata a buga wa tambari: ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitila da ake kira rauta. Ranka ya daɗe, mai raba intanet a tsakar gida, gwanin hana bawa abin da ya biya!

Aikinsa irin na mai unguwa ne a rabon filaye. Duk waya ko kwamfutar da ta shigo gida sai ya yanka mata lamba, galibi mai farawa da 192.168, kuma aro ne na ɗan lokaci. Sai dai adalcinsa ya wuce misali. Da an ɗauke wuta an dawo da ita, yakan manta wa ya ba me, ya miƙa lamba ɗaya ga na'ura biyu, su yi ta rigima shi kuwa yana ƙyafta ido. Wani lokacin ma ya yi gum, ya ƙi ba kowa. Nan kwamfutar cinya za ta gaji da jira ta yanka wa kanta lamba mai farawa da 169.254, fili ne a dokar daji wanda ba hanyar da ta kai gare shi. Ina ka taɓa ganin shugaban da ya koya wa talakawansa dogaro da kai haka?

Ga kuma tarbiyya. Allon kwamfuta zai tabbatar maka an haɗu, kuma cikin tsaro, sai dai babu intanet. Madalla da wannan tsaro, ko saƙon Yaya da ke Kano bai samu ƙofar shiga ba. Daga nan sai darasin haƙuri: kashe, kunna, cire layi, hure shi, mayar. Sake rubuta kalmar sirri. Wani masani ya ce a sa 8.8.8.8 na Google, wani ya ce a kai wa mai gyara ya wanke kwamfutar gaba ɗaya. A biya kuɗin wanki, a dawo gida, a tarar ashe sabis ne ba ya ratsa katangar ƙasa da rufin kwano.

Lafiyar jiki ma ba a bar ta a baya ba. Dattijon da likita ya yi fama da shi ya riƙa tattaki, yanzu shi ke zagaye gida da akwati a hannu, daga taga zuwa zaure, daga zaure zuwa gindin darbejiya, yana cigiyar sandar sabis ta uku. Zumunci kuwa ya ƙaru, tunda ƙananan akwatunan da yawa ba sa ɗaukar fiye da na'ura 10, kuma yaran maƙwabta sun riga masu gida cike gurbin.

Dole a gode wa masu dafa masa baya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya, don ɗan Kibiya ya fara gwajin tun daga neman sabis kafin ya ga tambaya ko ɗaya. A Oktoban 2024, da layin wutar Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, Arewa ta shafe kwanaki a duhu, akwatin ya samu hutun da ya daɗe yana nema. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, domin abu mai daraja ba a sayar da shi da araha, ko da bai iso ba. Tun 2022 ake shelar 5G a birnin Kano, mutanen karkara kuwa an tausaya musu, an bar su da abin da suka saba, kada gudu ya sa su jiri.

Saboda haka masu ƙorafi su yi hattara da butulci. Data tana ƙarewa a ranar da aka yi alkawari, ko an mora ko ba a mora ba, kuma a ƙasar nan cika alkawari irin wannan sai an tona. Ƙarshen wata ya zo, Alhaji, a sake sayen wata.