Ku Ƙyale Malam-Buɗe-Littafi, Ba Shi Ya Tada Guguwa Ba

Ai na ga lokacin da ka taɓe baki. Ka ce, "An tura yaro Ingila karatun lissafi, ya ɓige da rubuta mana kewar tuwo." To ranka ya daɗe, gyara zama. Kewar zan kawo, lissafin ma zan kawo, kuma ba inda za ka sai ka saurari duka biyun.

Abin da nake karantawa ana ce masa nazarin hargitsi. Ka ce, "Hargitsi har sai an biya kuɗin jirgi? Ka shiga Kantin Kwari ranar jajibirin Salla ka gan shi kyauta." Madalla da wannan fatawa, Allah ya ƙara basira. Sai dai abin da masana suke nufi ba rashin doka ba ne. Tsari ne mai bin doka sau da ƙafa, babu caca a cikinsa, babu canki-canka. In ka ba shi mafari iri ɗaya, ƙarshe iri ɗaya zai ba ka, ko sau dubu ka maimaita. Inda gizo ke saƙar shi ne babu mahalukin da zai auna mafarin nan daidai wa daida, kuma ɗan kuskuren da ka raina ba ya zama inda ka ajiye shi. Girma yake yi.

Ka ce surutu ne? Ga Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka. A 1961 yana gwajin hasashen yanayi da wata kwamfuta mai girman tebur, LGP-30, ya ɗora mata jerin lissafi 12. Wata rana ya so ya sake duba wani sakamako, sai ya ga babu dalilin farawa daga tushe. Ya kwafi lambobi daga takardar da injin ya buga, ya shigar, ya tafi shan kofi abinsa. Da ya dawo, yanayin wata biyu da kwamfutar ta lissafa bai ko yi kama da na farko ba.

"Injin ne ya lalace," in ji ka. Sannu gwani. Shi ma Lorenz abin da ya fara zato ke nan, ka ga kun yi tarayya da farfesa a abu ɗaya, sai ka sa a takardar neman aiki. Injin lafiyarsa ƙalau. A cikinsa yana riƙe da lamba shida bayan ɗigo, 0.506127, amma a takarda uku kawai yake bugawa, 0.506. Abin da aka yanke bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Shi ne ya yi ta ninkuwa har ya cinye hasashen gaba ɗaya.

Tsaya a kan ninkuwar nan, don nan ne masu gardama irinka suke zamewa. Ka ce, "To a sayi ma'auni mai kyau mana." An saya. A ce kuskurenka yana ninkuwa biyu duk bayan kwana biyu. Ninki goma ya mai da shi sau 1,024, wato cikin kwana 20 ƙwayar kuskure ɗaya ta haifi fiye da dubu. Juya lissafin: don ka ƙara wa hasashenka kwana 20 kacal, sai ka inganta ma'auninka sau dubu. Kana son wasu 20? Sau miliyan. Shi ya sa duk da taurarin ɗan'adam da manyan kwamfutoci, hasashen yanayi na rana-rana ba ya wuce kamar mako biyu ya zama abin dogaro. Ba lalacin ma'aikatan hasashe ba ne, ka daina zaginsu duk ranar da ruwa ya ba ka kashi a hanyar ɗaurin aure.

Kuma kada ka ce yayin 'yan kwamfuta ne. Henri Poincaré na Faransa ya ci karo da abin tun ana rubutu da alƙalami da tawada. A 1889 ya lashe gasar da aka shirya don cikar Sarki Oscar na Biyu na Suwidin shekara 60, da nazari a kan yadda abubuwa uku a sararin samaniya suke jan juna. Ana cikin buga aikin aka gano kuskure, gyaran kuskuren ne ya nuna masa hargitsin. Kuɗin sake bugawa daga aljihunsa ya fita, har ya zarce kyautar da ya ci.

Yanzu na san inda za ka. Ka ɗaga kafaɗa ka ce, "Ai na san maganar. Malam-buɗe-littafi ya kaɗa fiffike a Brazil, guguwa ta tashi a Texas." Kai jama'a! Bawan Allah yana shan furensa, bai zagi kowa ba, kun ɗora masa rushe gidajen Amurkawa. Maganar ta fito ne daga kan wata lacca da Lorenz ya gabatar a Washington a 1972, kuma tambaya ce, ba hukunci ba. A cikin laccar ma ya ce in kaɗa fiffike ɗaya zai iya jawo guguwa, haka nan zai iya hana ta. Ga ƙwari bila adadin suna kaɗa nasu, ga ni, ga kai da kake hura hanci yanzu haka. A cikin wannan taro wa za ka kama? Kafin nan ma da tsuntsun teku Lorenz yake ba da misalin, shi dai tsuntsun ya yi sa'a ya sha.

Ka ce, "Ashe ba a san komai ba ke nan, a rufe makarantar kowa ya kama gabansa." Yi haƙuri, an san da yawa. A takardarsa ta 1963 Lorenz ya rage lissafin zuwa uku, aka zana tafiyarsa, sai ga layi yana kewaya ɓangare biyu, ya yi nan ya koma can, ba ya taɓa bin sawunsa na baya, kuma ba ya taɓa fita daga da'irar da ya yi wa kansa. Ba ka san inda zai kasance jibi ba, amma ka san unguwar da yake yawo. Ko yaro a Kano ya san Agusta watan ruwa ne, Janairu na hunturu. Tambaye shi ko za a yi ruwa ranar 14 ga Agusta bayan la'asar, ka ga ya ce Allah masani. Ya kuwa faɗi gaskiya.

To ga inda kewar ta shigo. A Leeds nake. A watan Disamba kana idar da azahar la'asar ta tsaya maka a ka, kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, dare ya miƙe ƙafa. Sai na sayi littafi nake rubuta abin da ya wakana kullum. Ka ce, "Wa ya aike ka?" Ba kowa. Dabara ce ta ɗan lissafi: in tara bayanai, in gano ranakun da kewar gida take kawo farmaki, in tare ta a bakin ƙofa.

Ranar Salla na shirya mata tsaf, na sa babbar riga, na jira. Ko leƙowa ba ta yi ba, sai ga ni ina cin shinkafa da wasu 'yan Pakistan muna ta raha. Amma wata Talata da ba ta da suna, ina laburare, Inna ta turo saƙon murya a WhatsApp tana tambaya ko ina sa rigar sanyi. Maganarta ba ta taɓa ni ba. Can bayan muryarta ne na jiyo mai kalanzir yana wucewa ta lungunmu, da ƙarar ƙyauren da tun ina firamare ake cewa za a sa masa mai. Daƙiƙa biyu. Ranar ko layi ɗaya ban karanta ba. Na tabbata lokacin sanyi kewar tana zuwa fiye da bazara, da dare fiye da safe, unguwarta na sani sarai. Ranar zuwanta kuwa, littafin ya kusa cika bai faɗa mini ba.

"Ahaf," in ji ka, "yanzu ka mai da ƙyauren gidanku malam-buɗe-littafi, laifin da ka gama ɗora mini." Kai, ashe kana biye! To ji bambancin. Ban ce ƙyaure ne ya haddasa ba. Da Inna ta ɗaga waya daƙiƙa biyar baya, da mai kalanzir bai iso ba, da wataƙila wani abin ne zai kama ni ranar Alhamis, ko ya bar ni sai wani watan. Kuma ban ce Lorenz ya auna zuciyar ɗan Kano ba. Iska ya auna. Ni aron tabaraunsa kawai na yi, in ya zo nema zan mayar.

Saura ta ƙarshe, na ga tana yi maka ƙaiƙayi a baki. Ka ce, "Namiji da kewa? Ni ko Sin aka kai ni ko gezau." Wai kai! Kai da aka tura kwas Kaduna, nan da nan, mota ba ta wuce Zariya ba ka bugo waya kana tambaya ko an ba akuya dusa.