Bene ko Garka: Nazari a kan Ƙarin Ɗaki a Ƙasar Gaya

A ƙasar Gaya da Ajingi, magidancin da gida ya yi wa kaɗan, ko don ɗansa ya isa aure ko don shi kansa ya hango ƙarin aure, hanyoyi biyu ne a gabansa: ya hau sama ya ɗora bene, wato ɗaki a kan ɗaki, ko ya bazu gefe ya ci garka, wato filin bayan gida inda ake shuka kuɓewa a ɗaure awaki. Hankali ya fi karkata ga hanya ta biyu, domin fili a nan bai yi tsadar da ya yi a Fagge ba, inda matsi ke tilasta wa mutum hawa sama. Sai dai tun da aka ɗaga Gaya ta zama masarauta a 2019, an samu magidantan da suka ɗauka cewa wajibi ne gidajensu ma su ɗagu.

Magabata sun san bene tun kafin zuwan siminti, amma sun san sharuɗɗansa. Katangar tubali, wato curin ƙasa da aka busar a rana, akan yi mata gindi mai kauri ta riƙa sirancewa yayin da take hawa, kuma azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cika cinta ba, ba ta jure nauyin ƙasa idan tazara ta wuce kamu huɗu, shi ya sa benen ƙasa ya zama na sarakuna da attajirai. Magidancin yau kuwa gidansa na bulo ne mai inci shida, an aza harsashinsa babu ginshiƙi ko ɗaya, a lokacin da burin mai shi bai wuce rufin kwano ba.

Irin wannan magidanci yakan kira birkila, shi kuma ya daki katanga da tafin hannu, ya kara kunne kamar likita, sannan ya ce, "Alhaji, za ta ɗauka, in Allah Ya yarda," wanda a harshen sana'ar yake nufin katangar za ta tsaya har a gama biyansa. Daga nan a yaye kwano a watan Afrilu, a sayo rodi da tsakuwa da yashin kogin Wudil don zuba dakin, wato shimfiɗar kankare da za ta zama rufin ƙasa kuma daɓen sama. Wanda ya fara aikin a farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000, sai da ya kai bijiminsa kasuwar Wudil ranar Juma'a, kuma kafin kuɗin bijimi su zama kankare ruwan farko ya sauka a kan gadon uwargida. Matakala kuwa ba a tuna da ita sai an gama, sa'annan a ga babu inda za ta zauna sai madafi, wato wurin girkin matar da tun farko ba ta yi murna da dalilin ginin ba.

Babbar matsalar bene a ƙasar Hausa ita ce ido. Tagar sama tana leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda matansa ke daka da kitso ba mayafi, kuma malaman Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa irin wannan cutarwa ce da ake kawarwa. Ibnu Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, ya yi littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini, ciki har da wannan. Mai unguwa bai karanta Ibnu Rami ba, amma hukuncinsa bai saɓa ba: a toshe taga. Ɗakin kankare marar taga a tsakiyar bazara wuri ne da babu iyayen da za su yarda a kai musu 'ya.

Nan ne magidanci yakan waiwayi garkar da ya raina, kuma ranar da aka kafa igiyar awo ake gano cewa filin gado ne da ba a raba ba tun rasuwar mahaifinsa. Ƙannensa mata da ke aure a Albasu, waɗanda rabon da a gansu tun sallar bara, sukan iso da sassafe tare da malami mai lissafi, kuma ko da yake kason namiji ninkin na mace ne, idan matan suka kai shida abin da zai rage wa namiji guda rubu'i ne kawai, wanda sau da yawa yakan faɗa daidai kan tsohon masai, inda ƙasa ba ta riƙe harsashi.

A ƙarshe amarya takan tare a shigifa, wato ɗakin da ke tsakanin zaure da cikin gida, bene ya koma hannun yaran gida suna kiwon tantabaru, birkila kuma ya karɓi aikin liƙe tsagar da ta bayyana a katangar ƙasa, a kan sabon farashi.