Jakar da Ta Cinye Teku

An sallami yara hutun makaranta, kuma kamar yadda aka saba, cutar kasafi ta sake ɓarkewa a tsakanin magidanta. Duk majalisar da ka leƙa bayan la'asar sai ka tarar da wani ya zaro takarda daga aljihun gaba, ya gyara zaman tabarau, yana karanta wa jama'a yadda zai kai iyalinsa Legas su ga teku: kuɗin mota kaza, abinci kaza, shiga bakin ruwa kaza, gidan tarihi kaza, har askirim ɗin auta an ware masa layinsa. Takarda tsaf-tsaf, an ja layi da rula, an haɗa jimla a ƙasa an yi mata zane biyu kamar ta ministan kuɗi. Abin da yake ba ni haushi da takardar nan shi ne ƙarya take yi. Mai ita ya san haka, masu sauraro ma sun sani, amma kowa sai gyaɗa kai yake yana cewa Allah ya kai ku lafiya, Alhaji. Babban mai cin kuɗin tafiyar sunansa bai fito ko sau ɗaya ba. Yana can ƙasan akwatin uwargida, an ninke shi gida huɗu an danne da zannuwa: jakar Gana-mas-go, fanko, ba nauyi, tana jiran ranarta.

Jakar nan ta cancanci a tsaya a ƙare mata kallo. A tafiya baiwar Allah ce, ba ta biyan ko kwabo, ba ta neman ruwan leda a Lakwaja, ba ta cewa a tsaya za ta zaga. A dawowa kuwa ta zama Hajiya. Ta yi ƙiba har zif ɗinta ya yi murabus, an ɗinke bakinta da basilla, an ɗaure mata ƙugu da igiya, ƙarti biyu ne suke kinkimarta suna nishi. Yaron mota ya zagaye ta sau biyu, ya taɓa ta da ƙafa, ya yanka mata kuɗin da ya kusa na mutum guda, maigida ya yi ta rantsuwa cewa tsummokara ne kawai a ciki. In but ya cika, ita ake ba kujera, auta ya dawo cinyar uwarsa har Kano. Kuma tana haihuwa, domin ba a taɓa jin jaka ɗaya ta je Legas ta dawo ita kaɗai ba. Da 'ya'ya biyu take dawowa, wani lokaci har da jika. Sunan nata ma abin dubawa ne. A 1983, da gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama, mutanen Gana suka zuba rayuwarsu kacokan a cikinta suka nufi iyaka. Mu da ba wanda ya kore mu, mun fi su lodi, kuma duk abin da ke ciki na wasu ne.

Abin mamakin tsaraba shi ne ba wanda yake roƙonta. Gwaggo cewa kawai za ta yi, "To, Allah ya tsare, a gaida mutanen Ikko," amma ta faɗa da wata irin murya da ke nufin turmin atamfa. Maƙwabciya ta ce, "Kar dai a manta da mu," shi kenan ta shiga lissafi ita da 'ya'yanta biyar. Ga surukai na ɓangare biyu, ga malamin Islamiyya, ga mai gadi, ga yarinyar da take kawo kitso. In gidan mai mata biyu ne kuma da ɗaya aka tafi, wadda aka bari a gida sai an biya ta diyyar teku, da kaya iri ɗaya, launi ɗaya, ba a yarda zanen ganye ya fi na wata girma ba. Kuɗin duk wannan ba daga sama za su faɗo ba. Daga layukan yara ake yankowa, domin su kaɗai ne masu haƙƙi a takardar da ba su da inda za su kai ƙara. Yankan ma da tsarinsa. Jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay shi ne farkon mutuwa, saboda maigida ya tuna kwatsam cewa ruwa ba abokin wasa ba ne. Sai gandun dajin Lekki da gadarsa ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401: "Birai ne fa kawai, ba ga su nan a gidan zu ba?" Sai bakin teku, wanda ake ganowa ranar ƙarshe cewa akwai rashin tarbiyya a wurin. Kowane layi da aka soke sai an yi masa jana'iza da wa'azi.

A nan ne dariyar take ƙare mini. Yaro an yi wata uku ana lallashinsa da teku: ka ci jarrabawa a kai ka teku, ka daina kuka ko a fasa teku. Aka ɗauko shi tafiyar kilomita kusan 1,000, ƙafafunsa suka kumbura a mota, sannan ranar da za a fita aka cusa shi cikin danfo, aka hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, gosulo ya riƙe su a tsakiya, uban ya nuna ta taga ya ce, "Ku duba, ga tekun nan." Alhali ko teku ba shi ba ne, tafkin Legas ne, ruwa kwance lamo ba igiya ko ɗaya. Daga nan sai kasuwar Balogun, inda yaron zai yini yana kallon bayan mayafin uwarsa, riƙe da leda, ana taka masa ƙafa, ana cinikin silifas dozin biyu. Ya koma makaranta a ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa. Me zai rubuta? Yaro ba ya manta alkawarin da aka saɓa masa, sai dai ya koyi yin shiru, ya girma, shi ma ya sayi rula.

Za a ce mini tsaraba zumunci ce, kuma mutumin da ya je Legas ya dawo hannu rabbana ya zubar da girmansa. Na yarda, ban ce a daina ba. Cewa na yi a rubuta. In har wajibi ce, me ya hana ta zama layin farko, sama da kuɗin mota? Dalilin a fili yake: da zarar adadin ya hau takarda, kunya za ta kama mai shi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, kuma kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba mai iya kallon alƙalamin da ya nuna cewa rabin guzurinsa na mutanen da ba su bar ƙofar gida ba ne. To kuma mene ne a cikin jakar? Silifas ɗan Chaina, da atamfar da take jibge a Kantin Kwari, kasuwar da fatake suke zuwa saro tun daga Nijar da Chadi. Sai burodin Agege, wanda kafin ya iso Zariya Hajiya jaka ta zauna a kansa ya koma gurasa. Akwai wasu masu wayo da suke dawowa da jakarsu a ninke, su sauka tasha, su zarce Kwari su cika ta, su shiga unguwa ana yi musu sannu da hanya. Waɗannan ni ina ganin girmansu, ko ba komai sun tsira da kuɗin lodi, kuma Gwaggo ba ta taɓa ganewa ba, har cewa take yi kayan Ikko daban ne.

Wani kuma zai ce laifin Legas ne, garin da sai ka biya kafin ka ga ruwan da Allah ya shimfiɗa. Wannan ma akwai gaskiya. Bar Beach da talaka yake zuwa ya tsoma ƙafa an cike shi da yashi an yi Eko Atlantic, sauran bakin ruwan kuma yawanci akwai mai karɓar kuɗi a ƙofa. A wasu wuraren kujera da kuɗinta, inuwa da kuɗinta, har kular shinkafar da ka dafo da hannunka sai ka biya mata. Sai dai tsadar ba ta game gari ba. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan kuɗin shigarsa bai kai rabin turmi ba, kuma a nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, ga ramukan harsashi a jikinta. Yaron Kano da ya san mutumin a jikin naira 20 kawai, ya tsaya gaban motar nan minti biyar, ya fi ƙaruwa da yinin Balogun. Gidan zane-zane na Nike da ke Lekki ba a biyan kuɗin shiga. Jirgin ƙasan da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a 2023 kuwa, ga yaro shi kansa abin kallo ne. Amma ku lura da iyalin da Allah ya yi suka kutsa bakin tekun, ku ga inda kuɗinsu yake tafiya. Doki! Yaron da aka haifa a garin hawan Daushe, wanda ya ga ingarmu da kayan ado tun yana goye, shi ne za a biya wa kuɗi ya hau wani ramammen doki mai haƙarƙari a waje, a ja shi taku 20 a dawo da shi, a ɗauki hoto. Sannan a wuce wajen mai tsire a saya ninki uku, a gaisa da shi da Hausa, a tambaye shi mutanen gida, ya ce ai shi ma bayan layinku yake.

Hujjar ƙarshe ta maigida ita ce ai ya yi tattali, tunda bai kama otal ba, wajen Kawu aka sauka a Agege. Wannan layin shi ne ya fi kowanne kyau a takardar, an rubuta masauki, an ja ɗan gajeren zane a gabansa, alamar kyauta. Mutum tara a ɗaki biyu, a garin da zafinsa yake haɗe da gumi mai danƙo, fanka ɗaya, ita ma sai an kawo wuta. Matar Kawu ita ta san farashin wannan zanen, ita da take auna shinkafa da tiya tun ranar da baƙi suka sauka, tana murmushi tana cewa, "Haba Yaya, ai nan gida ne." Kuɗin dai zuwa kasafinta kawai suka ƙaura, kuma Kawu yana riƙe da lissafi. Da ƙaramar Sallah zai taso da nasa iyalin, ya yi wa yaransa alkawarin hawan Nassarawa, ya zo da tasa takardar mai zane biyu a ƙasa. A ƙasan akwatin matarsa kuma akwai wata ninkakkiya da ta riga ta san aikinta: kilishi, daddawa, kuka, yaji, man shanu a galan, da hula zanna bukar ta mai gidan haya. Ranar hawa yaran suna Kasuwar Rimi riƙe da leda, in sun yi sa'a su hango wutsiyar doki ta tagar adaidaita sahu.