Wai Don Yara Muke Yi

Mu a nan Jos, da zarar Disamba ta kama, hunturu ya sauko da ƙurarsa, duk wanda ka tare a layi maganarsa ɗaya ce: "Ai ni ba don yara ba, bana ko ƙyalle ba zan saya ba." Muna faɗa muna lissafin ranar kwasar adashe. Kuma yaron da ake ɗora wa laifin ba 'yan makarantar nan ba ne, su sun san kwanan wata, sun iya bin haƙƙinsu da bakinsu. Ɗan yaye ake nufi, mai shekara biyu ko da 'yar ɗoriya, wanda bai san Litinin ba balle 25 ga wata, ranar Kirsimeti. Shi ne hujjarmu a gaban maigida, shi ne hujjarmu a gaban mai bin mu bashi.

A fara da kayansa. Mu ba mu san a saya wa yaro kaya daidai jikinsa ba. Ko a kasuwar Terminus ko ta Katako, uwa za ta ɗaga riga ta kalle ta, ta kalli yaro, ta san sarai ta yi masa yawa, sannan ta ce, "Zai girma a ciki." Takalmi kuwa sai an cusa masa auduga a gaba. Masu kai wa tela su ma da tasu jarabawar. Tun Nuwamba aka kai atamfa, ta uwa da ta uba da ta yaro duk iri ɗaya, tela yana ta "gobe da yamma, Madam." Ranar 24 da daddare ka leƙa shagonsa, za ka tarar da iyaye mata a jere kan benci, kowacce da goyo, ana jiran a sa maɓalli.

To an samu kayan, an goge, an sa wa yaro, wato oga. Sai a tuna a ina ake. Garin nan yana kan tudu, sama da mita 1,000 daga bakin teku, sanyin safiyar Disamba kuwa ba ya sanayya. Nan take a ɗora suwaita a kan rigar, a kawo hular sanyi mai rufe kunne, a sa safa har gwiwa. Ɗinkin da aka kusa dambe da tela a kansa babu mai ganinsa sai rana ta take. A lafta masa basilin a fuska har yana sheƙi, kafin a kai bakin titi ƙura ta manne a kai. Sannan a maƙala masa tabarau na roba da agogon da ba ya tafiya. In mace ce, tun jiya ta sha kuka a wurin mai kitso, kai ya cika da duwatsu masu launi, rabinsu kuma za a tsince su a ƙasan kujerun majami'a, ɗaya wataƙila a hancinta.

Daren jajibiri shi ne daren da ya kamata a ce an ba wani aikin gadin yaro shi kaɗai, amma ba ma yi. Ana murza cincin a tabarma, mai yana tafasa a kasko a tsakar gida, an kawo kason watanda ana gyarawa, gida cike da baƙi. Kowa yana zaton wani ne ke kallonsa. Sai ka ji an kurma ihu: "Wayyo, ku ɗauke shi daga wajen wutar nan!" Mutum biyar su zabura a tare, a dawo da shi, kowa ya koma kan aikinsa, a sake mantawa da shi. Wannan ba abin dariya ba ne ƙwarai, don ƙunar mai ba ta san biki ba. Gidajen da ke da wayo su kan goya shi har a sauke kasko, ko ya yi ta harbe-harbe.

Sai maganar kaza. An sayo ta da wuri don gudun tsada, an ɗaure ta a gindin mangwaro. Cikin 'yan kwanaki sun ƙulla abota da oga. Shi ke watsa mata tsaki, shi ke binta da tatata, har biskit ɗinsa yake gutsura mata. Ranar yanka a ja shi ɗaki a kunna masa waya. Ya fito ya tsaya gaban igiya yana nunawa. Mu kuma ba kunya mu ce, "Ta tafi ƙauye." Da rana a miƙa masa cinya, ya riƙe da hannu biyu yana cewa "nawa ne," ko Kaka bai sam wa ba.

A majami'a ne dai yake nuna mana iyakarmu. Sujadar Hausa ce, ko a COCIN ko a ECWA, harshen da ya haɗa Birom da Angas da Tarok da Mwaghavul a benci ɗaya, tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Matan Zumunta sun tashi da tulu da kacau-kacau, a nan kam babu matsala, shi ma rawa yake. Wa'azi ne ba su shiri. An buɗe Luka sura 2, wuri ya yi tsit, sai oga ya zame daga cinya ya kama hanyar tsakiya, takalmin nan mai kuka yana tsiyit-tsiyit har gaban bagade. Uwa ta bi shi a sunkuye, ɗankwali yana neman faɗuwa. Uba kuwa ya ƙura wa Fasto ido, sai ka rantse bai taɓa ganin yaron ba.

Lokacin baiko ya fi. An danƙa masa sabuwar naira hamsin don ya koyi bayarwa tun yana ƙarami. An bi layi ana rangaji har gaban kwando. Ya leƙa ciki, ya kalli takardarsa, ya matse ta a ƙirji. "Saka mana, Baba na." Ya girgiza kai. Layi ya tsaya, masu ganga suna ta maimaita baiti ɗaya. Uwa ta shiga ɓamɓare yatsu ɗaya bayan ɗaya tana murmushin dole, kuɗin ya faɗa kwando a yamutse, shi kuma ya ɓare baki har an ji shi a bakin ƙofa. Dattawan da ke dariya a gaba su yi a hankali, mun ga yadda suke naɗe tasu takardar ƙanana don kada a gane ko nawa ce.

An dawo gida, sai rabon abinci. Shinkafa da miya, nama a sama yadda za a gani da buɗe kula. Inda har yanzu Kirista da Musulmi ke zaune a cakuɗe, tun jiya an kira Malam ya yi yankan don Hajiya ta maƙwabta ta ci ba tare da wasu-wasi ba, ita ma in Sallah ta zo kwanonta zai tsallako. Tun rikicin 2001 unguwanni da yawa sun rabu, kular da a da yaro ke kaiwa da ƙafa yanzu sai an hau Keke, amma akwai masu kaiwa har gobe. Oga dai bai san wannan lissafi ba. Duk ƙofar da ya gani a buɗe tasa ce. Ya ci a nan, ya sha lemon kwalba a can, a ba shi alewa a gaba. Kowa cewa yake, "Ƙyale shi, ai yau Kirsimeti." Ranar 26, ranar da gwamnati ta ba da hutu, mu muna dama ruwan gishiri da sukari muna wankin wanduna.

Ban san wanda ya ce mana yaro ɗan shekara biyu yana marmarin ganin Baban Kirsimeti ba. Mu biya kuɗin shiga, mu bi layi cikin rana, mu ɗauki yaron da ko kawunsa bai yarda da shi ba, mu ɗora a cinyar wani ƙato mai jajayen kaya da gemun auduga. Duk gidan da ka shiga akwai hoton: yaro ya sandare, baki a wangame, hannu yana neman uwarsa. Mu sa a Facebook mu rubuta cewa ya ji daɗi. Gara ma masu kai shi gidan zu na kusa da gidan tarihi, ko Wildlife Park, ko da yake can ma in ka nuna masa jimina, shi akuyar bakin hanya ce ta tafi da hankalinsa. Da daddare, an sha fama ya yi barci, sai samarin layi su saki banga a bayan taga. 'Yan sanda suna jan kunne a kanta kusan kowace shekara, samarin ma suna ji.

Mutum ɗaya ce ba ta gajiya da shi, Kaka. "Maigida, ina kuɗin cefane? Miji ba ko sisi, sai cin nama!" In jikanya ce kuma kishiya ce, a yi ta tsiya kan wa ta fi kyau. Duk abin da uwa ta hana, a ɗakin Kaka ake samunsa, an ƙulle a bakin zane.

Kuɗin da ya tara fa? Don ya tara. Kawu ya ba shi, Goggo ta ba shi, baƙin Abuja sun ba shi sababbi fil. Duk wanda ya miƙa, kafin yaro ya kai baki hannun uwa ya iso: "Kawo in ajiye maka." Mu ma haka aka ajiye mana namu, har yau ba mu ga ko kwabo ba. Sai Janairu ta shigo, kuɗin makarantar yayye ya taso, albashin Disamba an cinye shi tun kafin sabuwar shekara. Maigida ya shigo ɗaki yana sosa ƙeya, ya rage murya.

"Maman yara, kuɗin yaron nan suna nan kuwa? Rance zan yi, ƙarshen wata in mayar masa."

"Wane kuɗi? Famfas ɗin da yake sawa kai ka saya?"