HQ Trivia da Rabon Dala Biyar

HQ Trivia wasan kacici-kacici ne na wayar hannu da ya fito a Amurka a watan Agustan 2017, daga hannun Rus Yusupov da Colin Kroll, waɗanda suna cikin masu ƙirƙiro manhajar Vine. Tsarinsa a wancan lokacin ba wuya: mai gabatarwa ya bayyana kai tsaye, ya jefo tambayoyi 12, kowace da amsoshi uku da daƙiƙa 10 na tunani. Wanda ya kuskure ɗaya ya koma ɗan kallo, waɗanda suka kai ƙarshe su raba kuɗin gasar.

A wajen rabon nan ne gizo ke saƙa. Idan masu ilmi suka yi yawa, kason kowa ba ya sayen kofin shayi, kuma da farko ba a cire kuɗi sai sun taru dala 20. Mujallar Time ta naɗa shi gwarzon manhajojin 2017, a Maris 2018 kuma mutum fiye da miliyan biyu suka buga a lokaci guda. Masu suka dai sun yi ta ƙorafi kan hoton da ke daskarewa daidai lokacin da yatsa ya nufi amsa, da surutun mai gabatarwa Scott Rogowsky, wanda wasu kuma don shi suke zuwa.

Asusu ya bushe, aka rufe wasan ranar 14 ga Fabrairun 2020, kafin a farfaɗo da shi daga baya. A zaman bankwana mai gabatarwa Matt Richards ya sa kyautar dala 5 daga aljihunsa. Mutum 523 suka ci, kason kowa bai cika santi ɗaya ba.